Daga Hannun Dillaliya Zuwa Shagon Kafinta

Tun kafin a san shagon gyaran tsofaffin kujeru a Kano, dillalai mata ne ke riƙe da harkar tsofaffin kayan ɗaki. Idan matar aure ta shiga matsi, sai ta sauke kwalla biyu ko tasa daga jerenta ta miƙa wa dillaliya, ita kuma ta lulluɓe su cikin mayafi, ta zaga gida-gida har ta samu mai saye, ta cire la'adarta. Kayan ɗaki a lokacin ajiya ne, ba ado kawai ba, shi ya sa ba a yar da komai. Ƙwarya ta tsage, gyartai ya ɗinke. Kwano ya huje, a kai a liƙe da dalma.

Iyayen gidanmu da suka koya mana kafinta daga kuɗin Udoji suke fara lissafi. A 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi har da na baya, kowa ya shimfiɗa kushin a falonsa. Kujerun wancan zamani katako ne na gaske, maɗaci ko iroko daga kudu, hannunsu a buɗe, sosonsu a ɗore cikin riga mai zif. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, naira ta faɗi, sabo ya gagari ma'aikaci, sai ga kujerun nan suna dawo mana a kan kura. Nan ne gyara ya zama sana'a mai cin gashin kanta.

Aikin bai canza sosai ba har yau. Za ka farke yadin, ka zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi katakon kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya amsa da ƙarfi lafiya lau ne. Inda ya yi sautin rami, gara ta riga ka, sai yankewa a yi ƙari. A ƙarƙashin mazauni muna saƙa tsohon tub ɗin mota da aka yayyanka, a ja shi sosai kafin a buga. Wanda ya san aiki daga zama ɗaya zai gane ko yaron shago ya ja robar ko ya yi ha'inci.

Masu ƙarfe ma suna nasu. Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai, duk wuraren da tsohon durom ke zama baho, murhu, ƙyaure ko akwatin amarya. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tarkacen inji kuma a narke a zuba cikin gurbin yashi ya fito tukunyar biki.

Babbar asarar da aka yi ita ce ta gado mai rumfa. Da yayi ya koma kan gadon katako da tangaran, mata suka fara jin kunyar a ga gadaje masu rumfa a ɗakinsu. Aka fitar da su tsakar gida ana shanya a kai, daga baya 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli suka biya kuɗin kilo. Kwalla da langa masu zanen fure, waɗanda uwa ta shekara tana adashi kafin ta haɗa, haka suka bi buhu. Mu ma da muke cikin sana'ar ba wanda ya ce uffan, don a lokacin sabon gado ke kawo ciniki.

Abin da ya maye gurbinsu kuwa garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. A ido ba laifi. Amma ruwan wanke ɗaki ya taɓa ƙafar sif ɗin sau biyu, sai ta kumbura, kuma ba ta riƙe ƙusa karo na biyu. In aka kawo mini irin wannan gyara nakan gaya wa mai shi gaskiya kada ya ɓata kuɗinsa.

A 2015, da Babban Banki ya sa kayan ɗaki cikin jerin abubuwa 41 da aka hana masu shigo da su dala a farashin gwamnati a lokacin, na waje ya ƙara tsada, aiki ya sake dawo mana. Masu kawo shi ne suka canza. Yanzu yarinya ce za ta zo da waya a hannu, ta nuna maka hoto a Instagram, ta ce: "Baba, kujerar kakata ce, haka nake so ta koma." Wata tsohon adaka take so ya zama teburin falo, wata turmin da ya tsage za a sa wa fure. Ina yi musu da daɗin rai, sai dai abu ɗaya da muke yawan sa-in-sa a kansa: farin fenti. Maɗacin da ya haura shekara arba'in samfefa da mai kawai yake nema, jan nan nasa ya fito. Nakan goge gefe ɗaya in ce ta duba tukuna. Wasu su yarda, wasu su ce ai labulensu fari ne, sai in aiki yaro ya sayo fentin.