Kirsimeti a cikin gida: yadda iyalan Kirista ke bikin a Nijar da asalin al'adunsa

Ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance a Nijar, mako guda bayan bikin Jamhuriya na 18 ga wata. Ma'aikata na zama gida, ƴan lakwal na cikin hutu, amma akasarinsu ba su taɓa ganin yadda bikin yake daga cikin gida ba, tunda Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba.

Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda aka fi faɗa a nan, biki ne na tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS). Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito, kuma na shekarar 336 ne. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu, saboda tsohuwar kalandar da suke bi.

A Nijar masu bikin kashi biyu ne. Akwai ƴan Katolika, masu manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Yamai, ɗaya a Maradi, wadda aka kafa a 2001 kuma take kula da Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Akwai kuma ƴan Furotesta, waɗanda tarihinsu ke da alaƙa da mishan ɗin SIM da ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Kuskure ne a ɗauka dukansu baƙi ne daga Benin, Togo ko Burkina Faso. A Tsibiri, Galmi da Dogon Dutsi akwai Hausawa Kiristoci da ke addu'a da waƙoƙinsu da Hausa.

Adon gida

Abin da ido ke fara gani shi ne itacen Kirsimeti. Asalinsa yankin Alzas ne, tsakanin Faransa da Jamus, inda littafin kuɗi na garin Selesta ya ambace shi tun 1521. Itace ne da ganyensa ba ya zuba ko a tsakiyar sanyin Turai, shi ya sa aka ɗauke shi alamar rai. Ba ya tsiro a Sahel, don haka na roba ake saye a kanti ko a kasuwa, a rataya masa ƙwallaye masu ƙyalli da ƙananan fitilu, a ɗora tauraro a bisa. Wasu har auduga suke yayyafawa a madadin dusar ƙanƙara, abin da ke ba mutum dariya idan ya leƙa waje ya ga ƙurar hunturu ta rufe gari. Gidan da ba shi da hali kan wadatu da takardu masu launi da balan-balan.

A gidajen Katolika, abin da ya fi itacen muhimmanci shi ne ƴar bukkar haihuwa, wadda ake kira crèche da Faransanci. Ana jera ƙananan mutum-mutumi na Maryamu da Yusufu da makiyaya, da sa da jaki, kewaye da komin dabbobi, domin Linjilar Luka ta ce a komi aka kwantar da jaririn don ba a sami masauki ba. Ana danganta al'adar ga Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinta a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223. Komin yana zama babu kowa har daren 24 ga wata, sa'annan a ɗora jaririn, galibi ƙaramin yaron gida ne ke samun wannan aiki. A Burkina Faso yara ne ke gina ta da tubalin laka a ƙofar gida, su shafa mata fenti, unguwa da unguwa ana gasa. Ƴan Furotesta ba su cika ajiye mutum-mutumi ba. Sun fi ba da ƙarfi ga waƙa da wasan kwaikwayon yara a majami'a.

Dare da yini

Da daren 24 iyali ke tafiya addu'a a majami'a, a dawo a ci abincin dare tare. Gidajen da suka ɗauko salon Faransa kan sayi wani kek mai siffar gungumen icce, wanda ke tuna tsohuwar al'adar ƙona babban gungume a murhu a wannan dare. Amma tukunyar 25 ga wata tamu ce ta gida: shinkafa da miya, kaji ko zabbi, naman rago ko akuya ga mai hali, zoɓo da lemun citta. Ƴaƴan da ke aiki ko karatu a Yamai kan koma wajen iyaye, matan majami'a su yi anko, teloli su kwana kan keke kamar daren Salla.

Tsohon nan mai farin gemu da jan kaya, Père Noël, ya samo asali ne daga Nikolas, wani shugaban majami'a a garin Mira na Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda ya shahara da kyauta a ɓoye. A yawancin gidaje dai kyautar yaro ita ce sabuwar riga da takalmi. Wasu ma'aikatu da kamfanoni kuma kan shirya wa ƴaƴan ma'aikatansu walima a raba kayan wasa, ba tare da duba addini ba.

Kwanon maƙwabta

Kamar yadda Musulmi ke aika nama ranar Layya, haka iyalan Kirista ke aika kwanon abinci maƙwabta. Da yawa kan kira mahauci ko maƙwabci Musulmi ya yi yankan, su kuma ware abincin daga duk abin da Musulmi ba ya ci ko sha, don kada wanda aka kai wa ya yi shakka. Malamai sun saɓa kan taya murnar bikin, kuma kowane gida da fatawar da yake bi. Sai dai wannan kwano ya ƙara nauyi tun bayan 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. A kwanakin nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu.

Adon yana zama har bayan sabuwar shekara. A wajen 6 ga Janairu ake ƙara mutum-mutumin masanan nan uku da suka zo daga gabas da kyaututtuka, daga nan a naɗe itacen a mayar cikin kwali sai baɗi.