Golmo da Tarbiyyar da Ake Samu a Bakin Aiki

Malamai magabata sun bambanta ilmin da mutum ya ji da kunne da wanda ya ɗanɗana da jikinsa, har Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya wallafa a shekarar 1377, ya tsaya a kan cewa gwaninta ba ta zaunawa a zuciyar almajiri sai da maimaita aiki a gaban gwani, tun yana yi yana kuskure har abin ya zame masa jiki. Wannan hujja, wadda John Dewey na Amurka ya sake tayarwa a 1938 game da makarantun zamani, Dakarkarin Manga da sauran garuruwan ƙasar Zuru sun daɗe da gina tarbiyyar samarinsu a kanta, ta hanyar al'adar golmo.

Asalin golmo shi ne, idan saurayi ya tasa yana neman aure, sai ya shiga ƙungiyar tsararrakinsa su riƙa yi wa iyayen 'yan matan da aka yi musu alkawari noma, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, har shekara 7, sa'an nan a yaye su a bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Wanda ya hango abin daga nesa zai ce sadaki ne kawai ake biya da gumi, alhali kuwa makaranta ce mai daraja hawa-hawa, wadda ke da shugabanni da ƙa'idoji da horo.

A dubi sabon shiga ran da aka fara huɗar dawa. Yana kama garma da ƙarfin damtse kaɗai, kunyarsa tana karkacewa, kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo, ga 'yan'uwansa sun ba shi rata. Babban da ke kunyar kusa da shi ba ya tsayar da aiki don ya yi masa wa'azi; sai ya karɓi garmar, ya sara sau biyu ko uku a kan idonsa, ya nuna masa inda ake dafa ƙafa da yadda ake barin nauyin ƙarfen ya yi rabin aikin, ya mayar masa. Gyaran yana zuwa ne a daidai lokacin kuskuren, daga wanda rana ɗaya ke dukansu, kuma a gaban shaidu waɗanda ba a iya yi musu ƙarya, domin kunya karkatacciya ba ta ɓoyuwa. A nan ne, a ganina, sirrin al'amarin yake. Haƙuri da juriya da cika alkawari, waɗanda ake ta bayaninsu a majalisu, yaron nan yana samunsu ne tare da kantar hannunsa, damina bayan damina. Ba mamaki mutanen ƙasar suke danganta shahararsu a aikin soja da wannan horo, tun zamanin Turawa har zuwa irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya zama shugaban sojojin ƙasa na Nijeriya a 1996.

To, yau an wayi gari da masu horar da matasa waɗanda ke tara su a zaure kwana biyu, a yi musu lacca kan dogaro da kai, a raba takardar shaida a watse. Ban ce nasiha ba ta da fa'ida ba, amma nasihar da ba ta sami aikin da za ta sauka a kansa ba, kamar iri ne da aka watsa a kan fako.

Akwai mai cewa golmo ya cinye ƙuruciyar samari da yawa, ya hana su karatu, kuma talaka ya fi jin nauyinsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa da boko da addinan Musulunci da Kiristanci suka yaɗu, gidaje da dama suka koma ga sadakin kuɗi, kuma ba na kira a komar da kowa shekara 7 a gonar suruki. Abin da nake jin takaicin salwantarsa shi ne usulubin: jagora yana cikin aikin tare da wanda yake jagoranta, ana gyara nan take, ana kuma ba abin lokaci har ya nuna.

Saboda haka ina roƙon Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, da duk masu shirya horon matasa a Jihar Kebbi, su nemi dattawan Manga da suka yi golmo tun suna da rai, su ɗora ɗalibansu a kunya ɗaya da su na damina guda cikakkiya, tun daga sharar gona har a kai dawa rumbu.