L'Anse aux Meadows

L'Anse aux Meadows tsohon zango ne na matuƙan jiragen ruwa 'yan Norse, waɗanda aka fi sani da Vikings. Yana can ƙarshen arewacin tsibirin Newfoundland a ƙasar Kanada. Wurin ya tabbatar da cewa Turawa sun taka wannan gaɓa kusan shekara 470 kafin tafiyar Christopher Columbus ta 1492. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Ganowa

Tsofaffin labaran Iceland sun ambaci Vinland, ƙasar da Leif Erikson ya isa daga Greenland, amma masana sun daɗe suna jayayya kan inda take. A 1960 wani mazaunin ƙauyen, George Decker, ya nuna wa mai bincike ɗan Norway, Helge Ingstad, wasu tuddai da ciyawa ta lulluɓe. Matar Ingstad, Anne Stine, masaniyar kayan tarihi, ita ta jagoranci tono daga 1961 zuwa 1968.

Abubuwan da aka tono

An samu kufan gine-gine takwas na katako da ƙasa mai ciyawa, har da maƙera inda aka narka tama. An kuma tono ƙusoshin jirgin ruwa, da allurar tagulla ta maƙale mayafi, da gululun dutse na kaɗi, wanda ke nuna akwai mata a zangon. 'Ya'yan wata bishiya da ba ta tsirowa a Newfoundland sun nuna mazauna wurin sun yi tafiya zuwa kudu. Rashin kaburbura da garken dabbobi ya sa masana ke ganin zaman bai daɗe ba. A 2021 wani bincike ya gano cewa an sare wasu itatuwan da aka tono a wurin ne a shekarar 1021.

Ziyara

Hukumar Parks Canada ce ke kula da wurin, kuma ana buɗe shi daga Yuni zuwa farkon Oktoba. Ana zuwa ta hanya mai lamba 430, kusa da garin St. Anthony. An sake rufe ainihin kufan da yashi da ciyawa domin kada su lalace, don haka tuddansu kawai baƙi ke gani. A gefe an gina kwaikwayon gidajen, inda ma'aikata sanye da tufafin wancan zamani ke nuna ƙira da saƙa.