Yadda Amurka Ta Ƙidaya Gidajen Masu Zaman Jinsi Ɗaya

Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma abin da na fara koya a shagonsa shi ne, bashin da ba a rubuta a littafi ba, ranar biya gardama yake zama. Wannan ne ya faɗo mini a rai da na bi tarihin yadda Amurka ta riƙa ƙidayar gidajen da namiji da namiji, ko mace da mace, suke zaman aure. Na san yadda mutanenmu ke kallon wannan al'amari, kuma a Nijeriya doka ta hana shi tun 2014. Abin da na kawo yau tarihin lissafi ne da na kuɗi.

Amurka tana ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma. Kafin 1990 babu gurbin irin waɗannan gidaje a takardar. A 1990 aka ƙara gurbin abokin zama wanda ba a ɗaura aure da shi ba, sai aka samu gidaje kusan 145,000 na jinsi ɗaya. To amma idan maza biyu suka rubuta cewa su ma'aurata ne, sau da yawa hukumar ƙidaya takan ɗauka kuskure ne, ta mayar da ɗayansu mace a lissafi.

A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce gwamnatin tarayya ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace. Saboda haka a ƙidayar 2000 duk masu jinsi ɗaya da suka rubuta aure, sai aka mayar da su gurbin abokan zama. Adadin ya tashi zuwa 594,391. Mai karatu zai lura cewa wani ɓangare na wannan ƙaruwa daga sauyin hanyar lissafi ya fito.

A 2010 kuma aka yi tuntuɓe ta ɗaya gefen. Da farko an samu gidaje 901,997. Daga baya aka gano cewa wasu ma'aurata namiji da mace sun yi alama a akwatin jinsin da ba nasu ba. Da yake irinsu sun haura miliyan 50, ɗan kuskure kaɗan ya isa ya kumbura lissafin ƙaramin rukuni. Hukumar ta koma ta duba sunayen mutane, ta rage adadin zuwa 646,464. Sai a 2020 aka buɗe musu gurbi a fili, kuma binciken hukumar na 2021 ya nuna gidaje kusan miliyan 1.2, wajen 710,000 daga ciki da takardar aure.

Me ya sa aka damu da takarda haka? Saboda kuɗi na bin ta. A 2004 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya lissafo wurare 1,138 a dokokin tarayya inda aure ke shafar haƙƙin mutum, kamar haraji, fansho da gado. Wata mata mai suna Edith Windsor ta yi aure da Thea Spyer a Kanada a 2007. Da Spyer ta rasu a 2009, aka caji Windsor harajin gado dala 363,053, wanda da mijinta ne ya rasu ba za ta biya ko sisi ba. Ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2013, sannan a 2015 kotun ta halatta auren a duk jihohi.

Lissafin ya kuma rushe wani zato da aka daɗe ana yi, cewa waɗannan mutane duk masu hali ne marasa nauyin iyali. Tun 1995 masaniyar tattalin arziki Lee Badgett ta nuna cewa maza masu neman jinsinsu suna samun albashin da ya gaza na takwarorinsu da kashi 11 zuwa 27 cikin ɗari. Gidajen maza biyu sun fi na mata biyu samu, alhali matan ne suka fi riƙon yara. Da yawan yaran an haife su ne a auren farko da aka yi da miji ko mata. Kuma bisa ƙidayar 2010, jihar da irin waɗannan gidaje suka fi yawan renon yara ita ce Misisifi, wajen kashi 26 cikin ɗari, wadda tana cikin jihohi mafi talauci.

Mu da muke zaune a Sabo da zango-zango na kudu mun san ciwon wannan. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, don haka duk adadin da aka faɗa na Hausawan Ibadan ko Legas ƙiyasi ne kawai. Duk ranar da wani ya kawo muku adadi a kan kowace al'umma, ku tambaye shi wa ya ƙirga, da wace tambaya aka yi, da kuma wa aka bari a waje.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.