Rashin Fifiko a Intanet: Damari da Hujjar "Da Babu Gara Ba Daɗi"

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin harkar sadarwa a ƙasar nan, cewa muhawarar rashin fifiko a intanet rigimar ƙoshi ce, ta waɗanda sabis ya wadace su. A ganinsu, gari irin Damari da ke gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari turken sadarwa kawai yake buƙata, batun wane shafi kamfani ya fifita kuwa sai ranar da aka wadata. Ina ganin an juya lamarin ne a baibai, domin mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa cutuwa idan aka zaɓa masa abin da zai gani.

Ƙa'idar sananniya ce (Wu, 2003): mai samar da intanet ya wuce da duk abin da doka ta halatta, ba toshewa, ba rage gudu, ba sayar da fifiko. Amurka ta kafa ta a 2015, ta soke a 2017, ta maido a 2024, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Janairun 2025. A Najeriya, kundin ƙa'idojin intanet da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 ya hana toshewa da rage gudu, amma ya bar ƙofa ga shafukan da ake buɗewa ba tare da cin data ba. A wannan ƙofar saɓanin yake.

Wanda ya fi kowa tsara hujjar ɗaya ɓangaren shi ne Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, a wani rubutu da ya yi a jaridar Times of India a Disambar 2015 yana kare Free Basics, manhajar da ke buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. Ya kamanta ta da ɗakin karatu na gwamnati, wanda bai tara dukkan littattafan duniya ba amma yana da amfani. Kamfaninsa kuma ya yi iƙirarin cewa rabin masu fara amfani da manhajar suna sayen cikakkiyar data cikin kwana 30. Hukumar sadarwar Indiya ba ta gamsu ba, ta haramta bambanta farashi bisa shafi a Fabrairun 2016. Bayan wata uku aka ƙaddamar da manhajar a Najeriya tare da Airtel. Yau kuma kusan kowane kamfani na sayar da data mai araha wadda WhatsApp ko Facebook kaɗai take buɗewa.

Hujjar tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Saƙon murya na WhatsApp ya ba wanda bai yi boko ba damar sanar da ɗan'uwansa cewa an tare hanyar Funtuwa, kuma data mai araha ce ta kai shi ga hakan. Sai dai misalin ɗakin karatun bai zauna ba. Mai kula da ɗakin karatu ba shi da riba a littafin da ka ɗauka, kuma akwai hukumar da za a kai ƙararsa. Kamfanin da ke zaɓen shafukan kuwa nasa shafin na cikin jerin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan tsari ke aiki a yankin da jita-jita ke iya jawo asarar rai. A ɗauka an turo wa manomi bidiyo ana cewa wasu Fulani ne suka kai hari a wani ƙauye. Datarsa ta isa ta sauke bidiyon, ta isa ta tura shi ga mutum hamsin, amma ba za ta buɗe shafin Aminiya ko na BBC Hausa ya duba ko da gaske ne ba. An sauƙaƙa masa karɓa da yaɗawa, an tsawwala masa tantancewa. Ma'aikacin da ke Kaduna ba ya shiga wannan tarkon, don yana da kuɗin cikakkiyar data. Alƙaluman kwana 30 kuwa daga bakin kamfanin suka fito, kuma sun ginu a kan cewa mutum zai samu rarar da zai hau mataki na gaba. Da wuya a yi wa manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa wannan zaton.

A nan masu wancan ra'ayi kan ce ai matsalar Damari ta wuce wannan, tunda sabis ɗin ma an taɓa ɗauke shi gaba ɗaya. Haka ne. A farkon Satumbar 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe turakunsu a Zamfara, sassan Katsina da Sakkwato suka biyo baya, a ƙarshen watan kuma gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layuka a wasu yankunan Kaduna, har da Birnin Gwari, sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Dalilin da aka bayar shi ne raba 'yan bindiga da infomominsu da kuma hana cinikin kuɗin fansa.

Dole in taƙaita da'awata a nan. Katse layi da umarnin gwamnati ba saɓa ƙa'idar rashin fifiko ba ne a ma'anarta ta asali, domin ƙa'idar kamfanoni take ɗaurewa. Ba kuma zan ɗora abin da ya biyo baya a kan katsewar ba, wato ƙarfin da mayaƙan ƙungiyar Ansaru suka yi a gabashin Birnin Gwari da gudun hijirar mutanen Damari a tsakiyar 2022. Waɗannan suna da dalilai masu zurfi da suka girmi waya. Abin da hujja ta ɗauka ya fi wannan ƙanƙanta, amma a ganina ya isa. Hukumar da ta rubuta wa kamfanoni cewa kada su tare wa mai saye hanya ita ce ke isar da umarnin rufe hanyar, kuma sashe na 148 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ba ta ikon gaggawa mai faɗi. A wata biyun da aka katse layin, mai POS da ɗan kasuwar hatsi da matar da naƙuda ta kama cikin dare duk sun biya farashin matakin, alhali an yanke shi ba tare da jin ta bakinsu ba. Mai wa'azin da ke ɗauke da bindiga kuwa ba ya buƙatar sabis kafin ya tara jama'a a dandali.

Kotun ECOWAS ta riga ta shata layi, misali a 2020 kan katse intanet da Togo ta yi a 2017, sai a Yulin 2022 kan dakatar da Twitter a Najeriya. A duka biyun ta ga an tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ba bisa doka ba. Da alama wannan ma'aunin zai hau kan kowace katsewa ta gaba, ko da an kira ta matakin tsaro. Tun bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 kasuwannin yankin suka fara buɗewa, kuma ciniki zai jawo kamfanonin waya da tsare-tsarensu na data. Ya kamata NCC ta wajabta cewa duk data mai araha ta zo da wani kaso da zai buɗe kowane shafi, sannan a gyara dokar yadda ba za a sake katse layi ba sai da rubutaccen dalili da wa'adi da damar zuwa kotu.