Daga Auduga zuwa Kwalba: Tarihin Rainon Bakwaini a Maiduguri

Sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907, duk haihuwar da ake yi a sabon garin a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozoma da kakanni. Haka aka daɗe ana yi a gidajen Barebari na Shehuri, da na Hausawan Hausari da Zango, da na Shuwa da Fulani masu shigowa da shanu. Idan jariri ya faɗo tun cikin bai isa ba, tsofaffi sun san abin yi. Za a shafe shi da man shanu ko man kaɗe, a naɗe shi cikin auduga, a toshe kafofin iska, a ajiye kaskon garwashi a kusurwar ɗaki, a hana 'yan barka ɗaukarsa. In ya kasa kama nono sai uwa ta tatsa a riƙa ɗiga masa a baki. Malamai ma ba su bar shi ba tanadi. Masana fiƙihu sun ƙayyade mafi ƙarancin ciki a wata shida, bayan sun cire shekara biyu ta shayarwa daga wata talatin da Alƙur'ani ya ambata na ciki da yaye, kuma a mazhabar Malikiyya da Borno ke bi, jaririn da ya yi kuka bayan faɗowarsa mutum ne cikakke komai ƙanƙantarsa: ya yi gado, a gaje shi, in ya rasu a yi masa salla. Abin da nake son nunawa shi ne, a cikin shekaru ɗari da 'yan kai garin ya samu kayan ceton ran bakwaini, amma ya yi sakaci da wani abu da tsohon gida yake da shi, wato idon da ke bin yaron nan shekara da shekaru bayan an sha suna.

Tsofaffin sun yi daidai a kan ɗumi. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe zafin jikinsa, sanyin daren hunturu a Disamba da Janairu kaɗai ya isa ya tafi da shi, kuma likitocin Amurka da kansu sai a 1958 William Silverman ya tabbatar musu da gwaji cewa ƙara ɗumi yana rage mutuwar irin waɗannan jarirai. Amma kada son tsohon zamani ya rufe mana ido. A ɗakin nan ne ake zubar da dakashi, nonon farko mai kauri wanda ya fi komai kare jariri daga cuta. A nan ake ɗura masa ruwa, a gasa cibiya da tsumman da ba a tafasa ba, hayaƙin garwashi da turaren wuta su cika huhun da bai gama ƙosawa ba, wanzami kuma ya zo da ƙarfensa ya cire beli. Jariran da suka mutu a hakan suna da yawa ƙwarai, an binne su ba tare da kowa ya rubuta ba. Wanda ya tsira kuwa ya tashi a gaban kakar da ta karɓi haihuwarsa. Ita ce za ta hana a gaggauta yaye shi, ita za ta lura bai zauna ba sa'anninsa na rarrafe, ita za ta ce wa malamin allo ya bi shi a hankali domin bakwaini ne. Ba ta da magani, amma tarihin yaron yana kanta.

Kwalbar da ake sa jarirai a birnin Faris aka fara ta. A 1880 likita Stéphane Tarnier ya sa aka ƙera masa akwatin ɗumi bayan ya ga na'urar ƙyanƙyashe ƙwai a gidan namun daji. Almajirinsa Pierre Budin ya hango abin da na bayansa suka manta: ya lura uwar da aka raba da jaririnta takan saki jiki da shi, don haka ya nace ta shayar da shi da kanta, kuma a 1892 ya buɗe wurin da uwaye ke dawo da jarirai ana auna su bayan an sallame su. Wannan fasaha ta daɗe a hanya kafin ta zauna a Borno. Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, Shugaba Shehu Shagari ya buɗe asibitin koyarwa a 1983, inda sashen kula da jarirai na musamman ya zama mafakar yanki guda har da maƙwabta daga Kamaru da Chadi da Nijar. Rayuka da yawa sun tsira a nan, wannan babu musu. Sai dai kwalba tana cin wuta dare da rana, kuma mutanen garin ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu aka shafe akasarin shekarar a duhu. An kuma ƙera ta ne don ƙasashen sanyi, alhali a Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yana haura digiri 40. Farfesa Hippolite Amadi ya nuna a asibitin tarayya na Nguru cewa zafin da bango ya tara da rana yana sa wa jarirai zazzaɓin yamma, kuma sauya fasalin ginin ɗakin yana kawar da shi. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa da Asibitin Ƙwararru na jiha ya lalata kayan aiki.

Darasi mafi ɗaci a tarihin kwalba daga ƙasashen da suka ƙirƙiro ta ya fito. A shekarun 1940 asibitocin Amurka da Turai sun riƙa cika kwalba da iskar oksijin ba ƙaidi, jarirai suna rayuwa, likitoci suna murna. A 1942 Theodore Terry na Boston ya bayyana wata sabuwar makanta a tsakanin bakwaini, amma sai a 1951 Kate Campbell ta Ostareliya ta ɗora laifin a kan yawan iskar, bayan ta kwatanta jariran ɗakunan da ake ba su da yawa da na inda ake tsimi. Kafin a gyara, yara kusan 10,000 sun makance, cikinsu har da mawaƙin nan Stevie Wonder da aka haifa a 1950. Duk waɗannan an rubuta su a littafin sallama a matsayin nasara. Wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana ƙirga masu fita da rai ba zai taɓa ganin ɓarnar ba, sai wanda ya bi su gida.

Abin bai tsaya a ƙuruciya ba. A 1911 wata shugabar ungozomomi a gundumar Hertfordshire ta Ingila, Ethel Burnside, ta raba wa ma'aikatanta sikeli ta ce a rubuta nauyin kowane jariri ranar haihuwa da ranar da ya shekara. Kundayen suka yi ta kwanciya a ma'ajiya har David Barker ya tono su, ya bi sawun maza fiye da 5,000, ya wallafa a 1989 cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Ƙarancin nauyi da haihuwa kafin lokaci ba abu ɗaya ba ne, amma binciken da ya biyo baya a Suwidin, inda ake rajistar kowace haihuwa tun 1973, ya ware bakwaini ya samu sun fi saura haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda. Dalilin ƙodar a fili yake: matatunta suna gama samuwa ne wajen mako na 36 na ciki, wanda ya fito kafin nan yakan tashi da ƙasa da rabonsa. Wannan magana ta shafi Borno da Yobe kai tsaye, inda ciwon ƙoda ya zama abin kuka kuma mutane ke layin wankin ƙoda a asibitin koyarwa. Ban ce haihuwa kafin lokaci ce ta jawo wannan annoba ba. Na ce likitan da ya tambayi magidanci ɗan shekara arba'in nauyinsa ranar haihuwa da wuya ya samu amsa, kuma tambayar da ba a tanadi amsarta ba ba za a iya bincika ta ba.

Ƙarancin kwalba ne ya mayar da duniya ga ƙirjin uwa. A 1978 a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey Sanabria ya ga ana cusa jarirai biyu uku a kwalba ɗaya suna harbin juna da cuta, sai ya sa uwaye su ɗaure su a ƙirji, fata da fata, dare da rana. Wannan shi ne salon kangaru. An daɗe ana kallonsa a matsayin dabarar talaka. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne Nathalie Charpak da abokan aikinta sun nemo yaran da aka yi gwajin da su bayan shekara ashirin, suka wallafa a 2017 cewa waɗanda aka goya a ƙirji sun fi zuwa makaranta ba fashi, sun fi natsuwa, ba su kai saura saurin fushi ba. A 2021 wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna fara goyon nan take yana rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Macen Borno da ta saba da goyo ba ta bukatar dogon bayani, zanen ne kawai zai dawo gaba.

Rikicin 'yan tada ƙayar baya da ya ɓarke a Yuli 2009 ya karya ɗayan ɓangaren, wato idon kaka da ke bin yaro. Mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno suka kwararo cikin gari, aka cika sansanonin Bakasi da Dalori da Muna, mata suka riƙa haihuwa a tanti cikin yunwa da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini, waɗanda duk suna tunzura naƙuda kafin lokaci. Ƙungiyoyin agaji irin su Likitoci Marasa Iyaka sun buɗe wuraren haihuwa da na yara sun ceci da yawa. Amma kakar da ke riƙe da tarihin yaro ta rasu a hanya ko ta maƙale a wani gari, kuma da aka fara rufe sansanonin a 2021 iyalai suka sake watsuwa. Yaran da aka haifa bakwaini a waɗancan tantuna yanzu suna aji a firamare da sakandare. Wanda ba ya jin malami sosai a cikinsu za a ce taurin kai ne, wanda ba ya hango allo a ce daƙiƙi ne.

Za a ce wannan magana ta masu ƙoshi ce. Nijeriya ce ta uku a duniya wajen yawan bakwaini, sama da 770,000 a 2020 kaɗai, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin huɗu ce ake yi a asibiti a Arewa maso Gabas. A inda jarirai ke mutuwa kafin ranar suna, wa ke da sukunin tunanin ƙodar ɗan shekara arba'in? Ƙorafin yana da nauyi, kuma na yarda ceton rai shi ne farko. Sai dai bibiya ita ma ceton rai ce, domin bakwainin da aka sallama yana cikin haɗarin sanyi da ciwon huhu da tamowa a watanninsa na farko a gida. Kuma ita ce mafi araha a duk aikin. Kwalba ɗaya tana cin miliyoyin naira, ga man janareta, alhali duba ido a kusan mako huɗu da haihuwa, lokacin da ake iya tare makantar, da gwajin ji, da maganin ƙarin jini, da awo a kai a kai ba su kai kusa da haka ba. Ƙasar da ta kashe dukiya ta raya yaro sannan ta bar shi ya makance saboda rashin duba ɗaya ta yi asarar kuɗinta na farko ma.

Wasu kuma za su ce rubuta wa yaro cewa bakwaini ne zai sa masa tabo, iyaye su ɗauke shi rabin mutum. Alƙaluman da kansu suna kwantar da hankali. Wani binciken Suwidin na 2019 ya samu kashi 55 cikin ɗari na bakwaini sun kai girma da rai ba tare da wata babbar cuta ba, idan aka kwatanta da kashi 63 na waɗanda suka cika wata tara, ko da yake adadin ya sauka zuwa kashi 22 ga waɗanda aka haifa kafin mako 28. Yawancin bakwaini na makonnin ƙarshe ne, kuma lafiya lau suke tashi. Sani yana rage fargaba: uwar da aka koya wa cewa ɗanta da ya riga lokaci da wata biyu, in ya kai wata shida a duba shi da ma'aunin ɗan wata huɗu har ya shekara biyu, ba za ta ruɗe da surutun maƙwabta ba. Game da cewa Suwidin ba Borno ba ce, gaskiya ne, yaron Gwange yana fama da tamowa da zazzaɓi da ƙyanda waɗanda na can bai san su ba, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa Borno ke bukatar kundinta.

Hanyar tana nan a buɗe. Kusan kowace unguwa ta san katin rigakafi da ma'aikatan da yaƙi da shan inna ya koya wa shiga gida gida. A katin nan za a iya rubuta makon da aka haifi yaro da nauyinsa, da ko an ba shi oksijin, da ko ya yi shawara, a kuma horar da ungozomar unguwa ta kai rahoton haihuwar gida cikin kwana ɗaya. Ranar rigakafi ta zama ranar duba zama da rarrafe da ji da gani, malamin firamare ya ga katin ranar ɗaukar yaro, a fara gwada hawan jininsa tun yana saurayi. Bayan abin da ruwan Alau ya yi wa garin, bai kamata kundin ya zama takarda ɗaya a ɗakin ajiya ba: kofi ɗaya a hannun uwa, ɗaya a kwamfutar ma'aikatar lafiya, yadda iyalin da suka koma Bama ko Monguno za su tafi da tarihin ɗansu.