Wa Zai Karɓi Haihuwa a Kebbe? Tarihin Horas da Ma'aikatan Lafiya

A wannan mako za mu waiwayi wani tarihi da ya shafi kowane gida.

A zamanin Turawa, ɗan karkara a ƙasar Sakkwato bai san likita ba sai malamin ɗakin shan magani na En'e, mai wanke gyambo da raba ƙwayoyi. Haihuwa kuwa tana hannun ungozomar gargajiya.

Gyara na farko mai girma ya zo ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da shirin kai kiwon lafiya matakin farko, jihohi suka buɗe makarantun horas da ma'aikatan lafiyar al'umma. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ɗora a kai da ya zama ministan lafiya a 1985. Irin wannan horo ake bayarwa a Kwalejin Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa.

To amma horarwa daban, zama a ƙauye daban. A 2009 aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara. Da yawansu baƙi ne, ga rashin masauki, ga jinkirin alawus, sai suka riƙa komawa birni. A 2014 gwamnati ta amince a ƙara wa ma'aikatan lafiyar al'umma horo, su riƙa yin wasu ayyukan ungozoma inda babu ita.

Darasin a fili yake: wadda za ta zauna a Kebbe ita ce 'yar Kebbe, mai jin harshen mutanenta, wadda maigida zai yarda ta shiga ɗakin matarsa. Shi ya sa samun kwalejin koyon aikin jinya a Tambuwal ba ƙaramin abu ba ne. Uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa birnin Sakkwato zai fi sakin jiki idan makaranta na kusa. Sai dai ƙofar kwaleji ba ta buɗuwa ga yarinyar da aka cire kafin ta gama sakandare.

'Yan uwa, littattafanmu cike suke da likitocin birni masu manyan motoci. Ina labarin yarinyar da ta yi karatu ta dawo garinsu, ake buga mata ƙofa da tsakar dare saboda doguwar naƙuda? Wa zai rubuta mana ita?

Allah Ya ƙara basira.